Jadawali Uku da Kwandon Gyara

Ranar da na fara aiki a ofishinmu na binciken ma'aikata, rula na fara gani kafin in ga mai ita. Wata doguwar rula ce ta katako, lambobin jikinta duk sun goge saboda shafa, tana kwance a kan tarin takardu. A bayanta ga wata mata gajera, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, tana bin layin alƙaluma, leɓenta na motsi. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Sai da ta kai ƙarshen layin, ta danne wurin da yatsa, sannan ta dube ni.

"Kai ne sabon da aka ce ya zo da digiri har biyu?"

Na ce ni ne, ina wani gyara tsayuwa.

"To sannu da zuwa, Malam Digiri. Ga kujerarka can. Ka zauna a hankali, ƙafarta ɗaya tana rawa."

Sunan nan ya bi ni har yau. Ita kuwa Anti Rula kowa ke ce mata, tun daga Oga har mai gadi.

Ofishin ɗakuna uku ne a saman wani shagon taya, kullum cikin warin roba muke. Aikinmu shi ne kamfanoni su kira mu idan wani abu ya shige musu duhu game da ma'aikatansu: me ya sa suke ajiye aiki, me ya sa ciwon baya ya yi yawa a sashe kaza. Mu raba takardun tambayoyi, mu karɓi bayanan da suke ajiyewa, mu tace, mu rubuta rahoto. A takarda, aikin Anti shigar da alƙaluma a kwamfuta ne kawai. Shekara ashirin da uku tana yi, tun zamanin tafireta. Takardar sakandare gare ta da ta koyon buga rubutu, shi ke nan. Sunanta bai taɓa hawa bangon rahoto ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kai ba.

Tana da wani hali da ya riƙa ba ni haushi a farko. Ba ta yarda da jadawali ɗaya sai ta ajiye shi kusa da 'yan uwansa. In an kawo bayanai daga wurare uku, sai ta buga kowanne daban, ta jera su a tebur, ta gitta rular a kansu, ta riƙa saukowa layi-layi: maza a nan, maza a can, mata a nan, mata a can. Na taɓa ce mata, cikin raini, kwamfuta tana yin wannan kafin ƙiftawar ido.

Ta ce, "Kwamfuta abin da ka tambaye ta take amsawa, ƙanena. Ni kuwa abin da ban tambaya ba nake nema."

Daga baya na gane inda ta samo halin. Mahaifinta mai gyaran sikeli ne a kasuwa, kuma ita ce ke riƙe masa duwatsun awo tun tana 'yar shekara bakwai. Ba ya mayar wa mai kaya sikelinsa sai ya ɗora dutse ɗaya a kan wasu sikeli biyu ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Mijinta ne ya ba ni labarin, wani tsohon direban bas mai yawan barkwanci, ranar da na je duba shi da jiki. Muna zaune a falonsu, inda aka shimfiɗe kowane kanta da tsofaffin takardun ofishinmu.

Ya ce, "Matar nan da kake gani, likita ya ce hawan jini gare ni, sai da ta kai ni wurin wasu biyu kafin ta yarda."

Daga kicin ta ce, "Kuma duk ukun abu ɗaya suka faɗa. Shi ya sa ka daina ganin gishiri."

A shekarata ta biyu wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta ya kawo mana aiki. Masana'antu uku gare shi: tsohuwa a bakin gada, ɗaya a bayan tashar mota, da wata sabuwa a wajen gari. Damuwar manajan ita ce rigunan da masu duba aiki ke dawo da su saboda kuskure sun yi yawa. Kowace mai ɗinki tana da lamba, kuma duk rigar da aka dawo da ita ana rubuta lamba a kanta a littafi. Suka turo mana bayanan shekara biyu. Oga ya miƙa min aikin, karo na farko da aka ba ni jagoranci, kaina kuwa ya kumbura.

Na haɗe bayanan masana'antun uku wuri ɗaya, na raba matan rukuni-rukuni bisa shekaru. Abin ya fito ɓaro-ɓaro. Matan da suka haura hamsin, cikin kowace riga ɗari da suka ɗinka, kusan tara ake dawowa da su, ninki biyu na sauran. Na zana hoto mai launi, sandar tsofaffin ta yi tsiri sama. Har bayani na tanada: ido ya raunana, hannu ya fara rawa. Ban jira an gama rahoton ba na kira manajan na tsegunta masa, don in burge shi. Na ji yadda ya washe baki ta cikin waya. Ya ce dama abin da yake zargi ke nan, ƙarshen wata zai fara da na bakin gada, su goma sha tara, ya sallame su. Mu kawo masa rahoton ranar Alhamis ya kai wa masu kamfani.

Ranar Litinin da safe na ajiye wa Anti daftarin, na ce ta duba min kurakuran bugu. Ta karanta, ta yi min kallon uku saura kwata ta saman tabarau.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Anti?"

"Wurare uku aka turo, jadawali ɗaya nake gani."

Na ce ai haɗawa ta fi ƙarfi, yawan mutane shi ke ba alƙaluma nauyi, har na fara jero mata sunayen gwaje-gwajen da na yi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in buga mata kowanne daban, ko don in rabu da ita.

Na buga ina ƙunƙuni. Ta share tebur, ta jera takardun uku, ta ɗora rular a layin waɗanda suka haura hamsin. Bayan tasha, biyu cikin ɗari. Sabuwa, biyu. Bakin gada, goma sha uku. A wurare biyu tsofaffin nan su ne suka fi kowa tsabtar aiki, a wuri ɗaya kuma su ne suka fi kowa ɓarna. Na sha jinin jikina, amma na daure na ce wataƙila na bakin gada sun fi tsufa.

Ta ja rular sama zuwa layin sababbin ɗauka, waɗanda ke cikin wata shida na gwaji. Bayan tasha, goma sha ɗaya. Sabuwa, goma sha biyu. Bakin gada, ɗaya.

"Malam Digiri, ka taɓa ɗinki?"

Na ce a'a.

"Ni na yi, na ɗinka wa 'ya'yana. Sabon hannun da bai ɓata wuyan riga ba, ban taɓa ganinsa ba. A gida ɗaya tsofaffi sun lalace, sababbi kuma sun zama gwanaye? Wannan ba ido ba ne. Akwai abin da ake yi a bakin gada da ba a yi a sauran. Gobe mu je."

Gaskiya ban so zuwa ba. Na riga na cika baki a gaban manaja, kuma ina ganin zuwan nan tonon asirina ne kawai.

Masana'antar bakin gada wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, kekunan ɗinki layi huɗu, ƙara kamar ana ruwan sama. A ƙarshen ɗakin akwai teburin mai duba aiki, wani dattijo mai fensir a bayan kunne, da babban kwando a gefensa inda yake jefa rigunan da bai yarda da su ba. Ni na tsaya da littafin rubutuna ina ta yi wa mutane tambayoyi, kowa na ce min komai lafiya. Anti kuwa benci ta samu kusa da randar ruwa ta zauna, kamar wadda ta zo jiran 'yarta ta tashi daga aiki. Bayan awa ɗaya ta yafito ni.

"Zauna. Rufe littafin nan. Kwandon za ka kalla."

Dattijon ya ɗaga wata farar riga, ya duba wuyan, ya girgiza kai, ya jefa a kwando. A layi na uku na ga wata budurwa mai koren ɗankwali ta sunkuyar da kai, kafaɗunta sun sauka. Ba ita ta tashi ba. Wata dattijuwa ce daga layin farko ta miƙe, tana dafa ƙugu, ta je ta ɗauko rigar, dattijon ya rubuta lambarta a littafi. Ta wuce kujerarta, ta nufi layi na uku, ta sa budurwar ta matsa mata. Ta farke wuyan da ɗan reza, ta nuna mata inda ta ja yadi fiye da kima, ta ɗora hannunta a kan na yarinyar suka mayar da ɗinkin tare. Minti biyar, ta koma wurinta. Kafin a tashi hutun rana mun ga haka sau bakwai, kuma kowane karo mai furfura ce ke zuwa kwandon.

Littafin dattijon tsoho ne tun na kafuwar wurin, lambar wadda ta karɓi rigar kawai yake ɗauka. A sauran masana'antun biyu, lambar da ke maƙale a jikin rigar ake kwafewa. Can hedikwata aka zuba duka a layi ɗaya, ni kuma na zo na zana musu hoto mai launi.

Da aka fita hutu, Anti ta nufi dattijuwar da ta fara tashi, wadda duk ɗakin ke kira Gwaggon Layi. Suka zauna a inuwar bango, ni ina tsugune nesa kaɗan. Suka daɗe suna gaisawa, suka taɓa ciwon gwiwa da jikoki, sannan Anti ta ce, "Yaya, na ga ku ne ke ɗauko kwando."

Fuskar Gwaggo ta canja. Ta waiga hagu da dama.

"'Yar'uwa, ki rufa mana asiri. 'Yar gwaji in ta yi kuskure goma a wata, kora ce. Mu kuwa faɗa kawai ake mana, kuma kunnenmu ya saba. Ni ma haka aka yi min lokacin da na zo, wata baiwar Allah ta ɗauke min har wata huɗu, Allah ya jiƙanta. Waccan mai koren ɗankwalin, ita ke riƙe da ƙannenta uku. In kin faɗa, yaran nan sun tafi."

Anti ta cire tabaranta ta goge da gefen mayafi.

"Yaya, in ban faɗa ba, ku ne za ku tafi. Ƙarshen watan nan. Ku goma sha tara."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Matar nan ba ta san ni ne sila ba, ɗazu ma har ruwa ta miƙo min tana ce min ɗana. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "To, mu ai mun ci rabonmu. Shekara talatin. A bar yaran."

"In kun tafi, wa zai ɗauko musu kwandon?"

Aka buga ƙararrawa, Gwaggo ta tashi ta koma kan kekenta.

A mota na ce wa Anti zan rubuta komai, lamba da lamba, wa ya ɓata, wa ya ɗauka, in wanke tsofaffin tas. In faɗi gaskiya, kaina nake son wankewa. Ta ce ba da ita ba. Mun yi wa ma'aikata alkawari tun a shafin farko na yarjejeniyar aikin cewa ba za a gane kowa a rahotonmu ba, kuma ba ta ga amfanin ciro mutum goma sha tara daga rami a tura wasu ashirin ciki ba. Na ce to ƙarya za mu yi? Ta harare ni.

"Ka taɓa jin na ce a yi ƙarya? Akwai tambayar da ba mu yi ba tukuna."

Ranar Laraba tun ƙarfe bakwai na same ta a ofis, ta ajiye min shayi da burodi, ta kuma rubuta abin da take so a bayan wani ambulan. Mu bar maganar shekaru. Mu kwatanta wuraren uku a dunƙule, sannan mu bi sababbin ɗauka mu ga yadda suka kasance bayan sun gama gwaji, lokacin da babu mai ɗauke musu komai. Ni na juya kwamfuta, ita ta gitta rula. Bakin gada ce ta fi sauran ƙarancin kayan da ake dawowa da su. Waɗanda suka gama gwaji a can, a shekararsu ta gaba kuskurensu rabin na takwarorinsu ne a sauran wuraren. Kuma cikin sababbi goma, tara ke tsallake gwaji a bakin gada, a sauran kuwa da ƙyar shida. Abin da na kira ɓarna ashe makaranta ce, ba wanda ya san da ita sai masu koyarwar.

Ranar Alhamis muka je hedikwata, ni da Oga, da Anti wadda aka tafi da ita don ta raba takardu. Na tashi na ce abin da na faɗa a waya kuskure ne, nawa ne ni kaɗai. Abin da na gani a haɗe bai tsaya ba da aka raba wuraren, wuri ɗaya ne ya ja sauran, kuma littafin wurin hannun da ya gyara yake rubutawa. Manajan ya yi kicin-kicin da fuska. Ya riga ya faɗa wa masu kamfani.

"To kuskuren na su waye? Ba ni lambobinsu."

Oga ya dube ni. Sai na ji motsin kujera a bayana. A shekara ashirin da huɗu Anti ba ta taɓa magana a taro ba. Ta zo ta jera takardu uku a gaban manajan, ta ciro rular daga jakarta, ta ɗora.

"Ranka ya daɗe, lambar kowa ba za ta fito daga hannunmu ba, haka muka yi alkawari, kai ma ka sa hannu. Amma duba nan. Wannan bayan tasha, wannan sabuwa, wannan bakin gada. Wacce ta fi ba ka riga mai kyau?"

Ya duba, ya nuna ta bakin gada da baki.

"Ita ce kaɗai inda babba ke tashi ta zauna kusa da ƙarama. In ka sallami goma sha taran nan, ka ba ta wata uku, za ta koma kamar 'yan uwanta. In kuma ka bi ta kan yaran, waɗanda za su fi kowa iya aiki baɗi ka kora. Alƙaluman naka ne, ba ni na kawo su daga gida ba."

Manajan ba mutum ne mai taushin zuciya ba, kuma ba zan ƙaga masa ita ba. Amma ya iya karanta jadawali. Ya karɓi rular daga hannunta, ya ja ta da kansa sama da ƙasa, har sau biyu. Sannan ya tambayi Oga, "Wannan wace ce a ofishinku?"

Oga ya yi tari ya ce mai shigar da bayanai ce. Na ce, "Ita ta gano, Yallaɓai. Ni hoto kawai na zana."

Ba a sallami kowa ba a ƙarshen watan. Aka canja littafin, aka buɗe shafin koyo inda kuskuren wata shida na gwaji ke shiga ba lambar kowa, kamar yadda Anti ta rubuta a shafin ƙarshe na rahoton. Aka kuma riƙa ɗaukar biyu daga cikin dattawan zuwa sauran masana'antun duk mako, abin da Gwaggo ta ce ya ƙara mata ciwon gwiwa saboda hawa mota. Na sa sunan Anti a bangon rahoton, sama da nawa. Ta gani, ta ce tawada na ɓata, amma mijinta ya gaya min wannan kwafin bai shiga cikin na shimfiɗa kanta ba, yana cikin akwati tare da takardun haihuwar yara.

Bayan shekara biyu ta yi ritaya. Muka haɗa ɗan taro a ofis da rana, lemo da biskit, Oga ya yi jawabin da ya fi ƙarfin lemon. Ana cikin haka muka ji ana hawowa matakala a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Gwaggon Layi ce, da leda a hannu. Ta ce ba za ta zauna ba, hutun rana ta sato. Ta ciro wata doguwar riga ruwan toka, mai wuya irin na kayan makaranta, ta ce Anti ta duba ciki.

A cikin wuyan, inda ake maƙala lambar mai ɗinki, an ɗinka wani dogon ƙyalle fari, lambobi jere a kansa da baƙin zare. Anti ta gyara tabarau, ta bi su da yatsa, leɓenta na motsi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake bi.

"Yaya, ku goma sha tara ne. Nan ashirin nake gani."

"Ta ashirin ɗin mai koren ɗankwali ce. Ita ta ɗinka wuyan, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa mata. Yanzu ma ita ke zuwa kwando in gwiwata ta ƙi."

Anti ta shimfiɗa rigar a kan teburin da ta yi shekara ashirin da shida a kansa, ta lallaɓa wuyan ya kwanta, ta ɗauko rular ta ɗora a kan ɗinkin. Zaren ya bi bakin katakon tiryan-tiryan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, tabaran ya jiƙe, ta cire shi tana neman gefen mayafi.

Ta ce, "Ki gaya mata ya miƙe."